Waya a Hannu, Wa'azi a Kunne: Yadda Hankalin Masu Sujada Ke Rabuwa

A ranar 8 ga Nuwamba, 2017, Fafaroma Francis ya yi wa dubban mabiya ɗarikar Katolika jawabi a dandalin Waliyyi Bitrus da ke Fadar Vatican, inda ya tuna musu cewa abin da limamin da ke jagorantar sujada yake cewa shi ne a ɗaga zukata, bai taɓa cewa a ɗaga wayoyi a ɗauki hoto ba. Ya ce abin yana baƙanta masa rai idan ya duba ya ga wayoyi birjik a sama, kuma ba a hannun talakawan ikilisiya kaɗai ba, har da limamai da bishop-bishop. A cikin wannan makon na Nuwamba 2017 ne kuma Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a Amurka cewa tambayar da suka sa a gaba lokacin gina Facebook ita ce yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa gwargwadon iko, kuma sun san sarai cewa wani rauni na ɗabi'ar ɗan Adam suke amfani da shi. Idan aka haɗa maganganun nan biyu, za a ga girman abin da fasto ko fada yake fuskanta kowace Lahadi: yana neman hankalin jama'a da muryarsa da lasifika, alhali a aljihun kowannensu akwai na'urar da ƙwararrun injiniyoyi suka ɓata shekaru suna gyarawa domin ta ƙwace wannan hankalin.

Matsalar ta sauya kama, kuma yawancin dokokin da majami'u suka kafa sun tsaya ne a kan tsohuwar kamar. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan gwamnati ta sayar wa kamfanoni irin su MTN da Econet lasisi, abin da ya dami masu sujada shi ne ƙara. Ana tsakiyar addu'a sai kiɗan waya ya tashi, mai ita ya shiga lalube a aljihu ko a jaka, idanun jama'a duka su koma kansa. Daga nan ne aka fara manna takarda a ƙofa, mai sanarwa kuma ya riƙa roƙon a kashe wayoyi kafin a fara waƙar buɗewa. A birnin Monterrey na ƙasar Meziko abin ya kai ga wasu majami'un Katolika sun sa na'urorin toshe sabis a 2004. Wannan matsala tana da sauƙin magani domin tana tona kanta, kunya kuma tana yin rabin aikin, tunda wanda wayarsa ta taɓa yi masa haka sau ɗaya ba ya son ta sake. Ta yau ba ta da sauti ko kaɗan. Majami'a tana iya yin tsit, kowa ya sunkuyar da kai kamar mai tunani a kan Maganar Allah, alhali kashi mai yawa na mutanen sun riga sun bar wurin, jikunansu ne kawai a kan benci.

Yana da kyau a dubi yadda abin yake faruwa daki-daki, domin yawanci ba da mugun nufi yake farawa ba. Mai wa'azi ya ce a buɗe littafin Ishaya sura 40, sai wani matashi da ke zaune a tsakiyar benci ya zaro wayarsa domin a cikinta Littafi Mai Tsarki nasa yake. Kafin ya kai ga manhajar, sai ya tarar da alamun saƙonni jere a fuskar wayar: zauren WhatsApp na dangi ana maganar kuɗin asibitin wata gwaggo, banki ya aiko da sanarwar cirar kuɗi, wani abokin ciniki yana tambayar ko kaya sun iso. Ya ture su da babban yatsa, ya buɗe surar, ya bi karatun tare da jama'a har aya ta ƙarshe. Amma da aka gama karatu wayar ba ta koma aljihu ba, tana nan kwance a cinyarsa, kuma maganar gwaggon tana yi masa yawo a ka. Bayan ɗan lokaci sai ya ce bari ya ba da amsa da kalma biyu kawai, daga nan wani ya mayar masa, shi ma ya mayar. Lokacin da ya ɗago kai, mai wa'azi ya shiga batu na uku, jama'a suna amsa "Amin" a kan abin da bai ji ba. Idan aka tambaye shi a ƙofa zai ce ya saurari wa'azi, kuma ba ƙarya yake yi ba a ganinsa, tunda sautin bai daina shiga kunnensa ba.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun auna irin wannan rabuwar hankali. A 2015 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Florida sun ba ɗalibai aikin da ke buƙatar natsuwa, suka riƙa kiran wayoyin wasunsu ko aika musu saƙo ba tare da sun san gwaji ne ba, sai aka ga kurakuransu sun ƙaru ko da ba su taɓa wayar ba. Jin motsinta kaɗai ya isa ya sa tunani ya tafi neman wanda ya kira da abin da yake so. A 2017 kuma Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa suka gwada mutane kusan 800, wasu wayoyinsu a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu kuma a wani ɗaki dabam, waɗanda aka raba da wayoyinsu suka fi yin ƙoƙari a gwajin riƙe abu a ka. Wasu masana da suka maimaita wannan gwaji na biyu ba su sami sakamako iri ɗaya ba, don haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma duka gwaje-gwajen a jami'a aka yi su, ba a wurin ibada ba. Duk da haka sun dace da abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa taura biyu ba ta taunuwa. Wa'azi kuwa irin maganar da ke ginuwa ce hawa-hawa, wanda ya rasa tsakiyarta ba zai gane inda ƙarshenta ya dosa ba.

Binciken da ya fi shafar majami'a a ganina shi ne wanda Faria Sana da abokan aikinta suka wallafa a Kanada a 2013. Sun gano cewa ɗalibin da ke wasu harkoki a kwamfutarsa lokacin lacca ba kansa kaɗai yake cuta ba, domin waɗanda ke zaune inda suke hango fuskar kwamfutar su ma makinsu ya ragu, ko da yake ba su taɓa komai ba. A nan ne hujjar nan ta "wayata ce, tsakanina da Allahna ne" take rushewa. Sujadar Lahadi aikin taro ne, shi ya sa ake tashi tare, a zauna tare, a rera waƙa da murya ɗaya, a yi shiru lokaci ɗaya. Ido yana bin haske da motsi ko mai shi bai so ba, saboda haka fuskar waya guda ɗaya mai walƙiya a benci na gaba tana jan mutanen da ke bayanta, musamman yara. Ban da wannan, tana isar da wani saƙo ba da baki ba, wato abin da ake yi a gaba bai kai a ba shi dukan hankali ba, kuma idan mutum uku suka yi, na huɗu ba zai ji nauyin yi ba.

To me ya hana a ce kawai kada kowa ya shigo da waya? Abin da ya hana shi ne majami'ar da kanta ta kwashe kayan sujadarta ta zuba a cikin wayar, kuma wannan ne ɓangaren da dattawan ikilisiya ba su cika son a taɓo ba. Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda majami'ar Life.Church ta jihar Oklahoma ta fitar a 2008, an sauke ta sau miliyan 500 kafin ƙarshen 2021, kuma akwai fassarar Hausa a cikinta. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932, wanda Dakta Walter Miller na mishan ɗin Anglikan na CMS a Zariya ya yi wa hidima mai yawa, da sabuwar fassarar 1979, a da sai mai hali yake mallakarsu, a naɗe su a leda saboda damina, a gaje su daga uba. Yau suna cikin wayar ɗan acaɓa kyauta. Littafin Waƙoƙi ma ya bi sahu, mawaƙa kuma ta WhatsApp suke raba sababbin waƙoƙi da muryoyinsu. Sai annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren ibada, fastoci da kansu suka roƙi jama'a su bi sujada ta Facebook da YouTube, wato majami'a ce ta koya wa mutane cewa fuskar waya ma wurin sujada ce. Bayan haka ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya sa lambar asusun banki ta hau allo da takardar sanarwa, har ya zama ana kiran mutane su zaro waya su tura baiko da zakka a tsakiyar sujada. Wanda aka ce ya buɗe manhajar banki da ƙarfe goma da rabi, da wuya a zarge shi idan ƙarfe goma sha ɗaya ta same shi a wata manhajar.

A arewacin Najeriya akwai ƙarin dalili mai nauyi, wato tsaro. Tun daga harin bam na majami'ar St. Theresa da ke Madalla a ranar Kirsimeti ta 2011, da hare-haren da suka biyo baya a Jos da Kaduna da Zariya a 2012, har zuwa kisan da aka yi a majami'ar Katolika ta Owo a jihar Ondo ranar 5 ga Yuni, 2022, masu sujada sun san cewa taron Lahadi yana iya zama abin hari. A ƙauyukan Kudancin Kaduna ko Filato ko kudancin Borno, kiran waya daga wanda ya hango baƙin babura a bakin daji yana iya zama abin da zai ceci rayuka. Uwar da ta bar yara a gida da ma'aikaciyar jinyar da ake iya nema a asibiti kowane lokaci, ba za a ce musu su kashe waya na awa uku a zauna lafiya ba.

Bai kamata kuma a raina alherin da wayar ta kawo cikin sujadar kanta ba. Dattijuwar da idonta ya yi rauni, wadda ta shekara da shekaru ba ta iya karanta ƙananan haruffan bugu, yanzu jikarta ta ƙara mata girman rubutu tana bin aya da yatsa. Mutumin da ake wa'azi da Hausa amma harshen uwarsa dabam ne yana iya duba ayar da harshensa ko da Turanci ya gane ta sosai. Wanda bai yi karatu ba yana iya sauraron surar da murya idan ya koma gida. Akwai kuma matasan da da gaske suke rubuta abin da suka ji a wayar, wasu ma suna bincika ko abin da mai wa'azi ya jingina wa wata aya yana cikinta, abin da ba kowane mai wa'azi ne yake jin daɗinsa ba, ko da yake Littafin Ayyukan Manzanni ya yaba wa mutanen Biriya saboda irin wannan bin diddigi. Matsalar ita ce daga nesa babu mai iya bambance mai rubuta wa'azi da mai kallon TikTok, duka sun sunkuya, duka yatsunsu suna motsi. Daga nan zato yake shiga, dattijo ya harari yaron da ke karanta Zabura, yaron ya ji an ci zarafinsa ba gaira ba dalili, sai maganar ta tashi daga batun natsuwa ta koma rikicin manya da yara.

Kyamara kuwa matsala ce mai zaman kanta, kuma ita ce ainihin abin da Fafaroma ya yi kuka da shi. Mai duba saƙo ya fice daga sujada a ɓoye, amma mai ɗaukar bidiyo yana nan, sai dai ya mayar da kansa ɗan kallo, ya mayar da 'yan'uwansa abin kallo. A ranar ɗaurin aure ko baftisma ko godiyar kaka, ko ranar da Zumuntar Mata suka fito da anko da tulunansu na kiɗa, akan ga mutane sun cika gaban bagadi da wayoyi har na baya ba sa ganin komai. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne wanda ya fito gaba yana kuka a kan zunubinsa, ko matar da ta ba da shaida a kan rashin lafiya ko rikicin gidanta, su wayi gari bidiyonsu yana yawo a hannun mutanen da ba su san su ba, ba tare da an nemi izininsu ba. Wanda ya san ana iya ɗaukarsa ba zai saki jiki ya yi addu'a yadda zuciyarsa take so ba. Mumbari ma bai tsira ba, domin mai wa'azin da ya san za a yanko minti ɗaya daga maganarsa a watsa yakan fara neman jimlar da za ta yi farin jini a intanet, ko da ba ita ce mutanen da ke gabansa suke buƙata ba. Gargaɗin da ke cikin Matiyu sura 6 game da yin ibada domin idon mutane ya sami sabon fili.

Gaskiya ne cewa shagala a wurin sujada ta girmi waya nesa ba kusa ba. Ayyukan Manzanni sura 20 ta ba da labarin saurayin da barci ya kwashe a bakin taga a Taruwasa lokacin da Manzo Bulus ya tsawaita magana har tsakar dare, ya faɗo daga hawa na uku. Masu gyangyaɗi da masu raɗa da masu ƙirga katakon rufi ba su taɓa ƙarewa ba. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: sujadar da sanarwa kaɗai take cin minti arba'in, a karɓi baiko kashi uku, sannan a soma wa'azin da ba a shirya ba lokacin da rana ta take kwano ya ɗau zafi, ita ma tana da nata alhakin. Sai dai wannan hujja tana da iyaka. Mai gyangyaɗi yakan farka ya dawo, tunanin da ya tafi gona ko kasuwa yakan gaji ya komo, domin babu abin da ke riƙe shi a can. Waya kuwa an gina ta ne yadda ba ta da ƙarshe, kowane bidiyo yana jawo na gaba, kowace amsa tana haifar da wata. Ba daidai ba ne a ce wa fasto ya gyara wa'azinsa har ya fi TikTok daɗi, domin ba aikin wa'azi ba ne ya yi wannan gasar, kuma majami'ar da ta shige ta za ta wayi gari tana nishaɗantarwa maimakon koyarwa.

Makwabta Musulmi sun san wannan damuwa, shi ya sa da wuya a shiga masallaci a Kano ko Zinder ba a ga takardar roƙon a kashe waya ba. Bambancin shi ne salla gajeriya ce kuma ta ɗaure jiki gaba ɗaya, babu hannun da ya rage na riƙe waya, huɗubar Juma'a kuma tana da hukunci bayyananne na yin shiru, har hadisi ya hana wasa da tsakuwa lokacinta. Sujadar Kirista ta fi tsawo, yawancinta a zaune ake yinta, kuma tana buƙatar littafi a hannu, don haka ƙofar da waya take shigowa ta fi faɗi.

Hanyoyin ƙarfi ba su cika yin aiki ba. Na'urar toshe sabis haramun ce a ƙasashe irin su Amurka, kuma tana toshe kiran gaggawa tare da na banza. Karɓar wayoyi a ƙofa yana yiwuwa a taron matasa na mutum talatin, amma a majami'ar mutum dubu zai zama neman rigima da ɓacewar kaya. Abin da ya fi kama hankali shi ne majami'a ta janye nauyin da ita ta ɗora wa wayar. Bishop-bishop na Katolika a New Zealand sun yi wani abu mai kama da haka a 2012, lokacin da suka hana limamansu jagorantar sujada daga iPad a maimakon littafin da aka keɓe, bisa dalilin cewa littafin aiki ɗaya aka ware shi ya yi, na'urar kuwa da ita ake wasa da aika saƙo da kallon bidiyo. Ikilisiyar da ta ajiye Littattafai Masu Tsarki da na waƙoƙi a kan benci, ko ta haska ayoyin da majigi inda akwai wuta, ta cire wa mutane dalilin farko na zaro waya. Wadda ta mayar da tura baiko ta banki zuwa kafin sujada ko bayanta ta cire na biyu. Idan aka naɗa mutum ɗaya ko biyu su ɗauki hoto a madadin kowa, aka kuma hana ɗauka sam lokacin Jibin Ubangiji da addu'ar tuba da ba da shaida, na uku ya tafi. Tsaro kuma a danƙa shi ga waɗanda ke gadi a ƙofa, wayoyinsu a kunne, lambobinsu a hannun mutanen gari, domin na ciki su sami natsuwar rufe data. Wanda ya fi son karatu a waya yana iya sauke fassarar tun daga gida, manhajar za ta yi aiki ba tare da intanet ba.

Duk waɗannan suna cin kuɗi ko suna cin jin daɗin wani, shi ya sa ake gudunsu a koma ga yi wa matasa faɗa daga mumbari, wanda ba ya cin ko kwabo. Kwalin Littattafai Masu Tsarki ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ikilisiyar ƙauye, majigi yana buƙatar janareto da mai, ma'aji kuma yana tsoron cewa baikon da ba a tura nan take ba mantawa za a yi da shi. Sannan dokar ba za ta kama ba muddin jama'a suna hango rabaran ko dattijon da ke zaune a gaba yana duba wayarsa lokacin da mawaƙa suke waƙa, ko iyaye suna miƙa wa ɗan shekara huɗu waya domin ya yi shiru har a tashi. Wannan yaron shi ne zai zauna a bencin matasa nan da shekara goma sha biyar, kuma abin da ya koya tun yanzu shi ne idan zama ya yi tsawo akwai inda ake gudu, don haka malaman makarantar Lahadi ne za su fara karɓar aikin koya masa zama na minti goma yana sauraron labari da hannu wofi.